Tambayoyi da amsoshi kan sake haɗa injin BMW E36 don filin tsere

Wannan shafi na mai E36 ne, wato BMW 3 Series ta shekarun 1990, da ya sauke injinsa, ko yake shirin saukewa, kuma nufinsa motar ta riƙa shiga filin tsere. Mun ɗauki 328i mai inji M52B28 a matsayin misali: silinda 6 a jere, 2,793 cc, ƙarfin doki 193, iyakar juyi 6,500 a minti. Yawancin bayanin ya shafi 325i mai inji M50 ma, inda suka bambanta za mu faɗa.

Kuɗina ba su da yawa. Me zan fara kashe su a kai?

Bakin mai, sai ruwa, sai awo. Ƙarin ƙarfi shi ne na ƙarshe. A kan titi inji na taɓa juyi 6,000 na 'yan daƙiƙu ne ya sauko, amma a fili yakan yi minti 20 yana tsakanin 4,500 da 6,500, mota na kwanciya hagu da dama. Abin da ke kashe M52 a wannan hali sanannu ne: notin famfon bakin mai ya kwance, famfon ya tsotsi iska a kwana, ko wata roba ta tsarin sanyaya ta fashe. Duk ana maganinsu da kuɗin da bai kai na fistin tsere ba. Ƙa'idar da muke bi ita ce, duk abin da hannu ba ya kaiwa sai an sauke inji ko giyabos, yanzu za a yi shi. Salansa, filtar iska da sauran abin da ake ɗaurawa daga waje, su jira.

Bulok ɗina na ƙarfe ne ko na aluminiyam, kuma me ya sa ake damuwa da wannan?

Manna maganaɗisu a gefen bulok. In ya kama, ƙarfe ne. M50 duk na ƙarfe ne, haka M52 na E36 da aka sayar a Amurka. M52 na Turai, wanda shi ne ya fi yawa cikin motocin da ake shigo da su daga Beljiyam da Jamus, na aluminiyam ne, kuma wanda aka yi kafin 1998 an shafe cikin silindarsa da wani siririn rufi mai suna Nikasil. Fetur mai yawan sulfa yana cin wannan rufi, har kamfani ya canja bulok da dama a Ingila saboda haka, daga baya ya koma sa hannun riga na ƙarfe a cikin silinda.

Amfanin sanin wannan biyu ne. Na farko, Nikasil ba a yi masa bora, wato faɗaɗa ramin silinda, kamar yadda ake yi wa bulok na ƙarfe. In rufin ya cinye, ko dai a sa hannun riga ko a nemi wani bulok. Kada ka bari mai gugar inji ya zura masa dutsen da yake gugar ƙarfe da shi. Na biyu, zaren notin top, wato kan inji, a aluminiyam yana zarewa, musamman in injin ya taɓa tafasa. Kafin ka sayi komai, ɗora tsohon top da tsohon gasket, ka ɗaure tsofaffin notuna har ƙarshen awo. In ko ɗaya ya yi laushi a hannu, sa Time-Sert, wato hannun rigar ƙarfe mai sabon zare, a duka ramuka 14, ba a wanda ya zare kaɗai ba, don sauran ma zafi ɗaya suka sha. Mai niyyar sa turbo nan gaba, gara ya nemi bulok na ƙarfe tun yanzu, duk da nauyin da zai ƙara wa gaban mota.

Ana ta maganar notin famfon bakin mai. Da gaske ne ko tsoratarwa ce?

Da gaske ne. Sarka ce daga karanshaf ke juya famfon, kuma noti guda ɗaya ke riƙe da haƙorin da sarkar ke hawa. Zarensa na hagu ne, ana ɗaure shi da 25 Nm (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri). Girgizar karanshaf a juyi mai yawa, da juyawar inji baya idan mota ta wulwula direba bai taka kulochi ba, suna sassauta shi. In ya faɗi haƙorin ya zame, famfo ya tsaya cik alhali inji na ci gaba da gudu, cikin daƙiƙu kaɗan ya buga.

A wanke zaren tas da man wanke birki, a sa Loctite ja, wato gam ɗin kulle zare, a ɗaure, sannan a yi ɗaya cikin biyu: ko noti mai huji da za a ɗaure da waya zuwa jikin haƙorin, ko a ɗiga walda wuri biyu. In waya ce, a ja ta ɓangaren da noti ke ɗauruwa, kuma a tuna zaren hagu ne, don nan mutane ke juya abin. In walda ce, ɗigo kawai, zafi mai yawa yana raunana sandar famfon. Tunda famfon na hannunka, buɗe shi ka duba ko akwai ƙarzuwa a ciki, ka canja sarkarsa, ka duba bututun tsotson mai ko ya fara tsagewa wajen walda, ka sa masa sabon gasket.

Kaskon bakin mai na asali ba zai isa ba?

Da tayar titi da tuƙi na matsakaici, yana iya isa. Da zarar an sa taya mai kama ƙasa sosai, mai yana tsere wa bakin bututun tsotso a doguwar kwana da lokacin birki mai ƙarfi. Alamar farko ita ce kas-kas ɗin tafet idan an fito daga fili, don iska ta shiga cikinsu. Mafi sauƙin magani shi ne a walda shinge mai 'yan ƙofofi a cikin kaskon, wanda ke barin mai ya shiga wajen bututu ya hana shi fita. Kaskon aluminiyam ne, sai mai waldar aluminiyam, kuma a ɗaure shi a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe lokacin walda don kada ya karkace gasket ya riƙa yoyo. Bayan walda a wanke shi sau da yawa. Mai hali kuma yana iya ɗauko kasko da famfo na E36 samfurin M3 mai inji lita 3.2 na Turai, mai bakin tsotso biyu. Injin na cin lita 6.5 da filta, masu shiga fili sukan ƙara rabin lita a kan cikar sanda.

Wane gibi zan bari a metal, wato boris ɗin karanshaf da konrod, kuma yaya ake auna shi?

Kamfani ya ba da 0.020 zuwa 0.055 mm a metal ɗin konrod, na karanshaf kuma 0.020 zuwa 0.058. Don fili mukan nemi wajen 0.040 zuwa 0.050, saboda komai na kumbura da zafi, kuma mai mai kauri za a zuba. Matsattsen gibi shi ke kama metal, wanda ya yi faɗi da yawa kuma yana zubar da matsin mai.

Awo na gaskiya da maikiromita da gejin rami ake yi. In babu, Plastigage kore, wani siririn zaren roba na auna gibi, ya wadatar don tabbatarwa, yana auna 0.025 zuwa 0.076 mm. A goge wurin ya bushe, a ɗora ɗan zaren a kan karanshaf, a ɗaure da tsofaffin notuna har cikakken awo, kada a juya karanshaf, a kwance a gwada faɗin da zaren ya baje. A yi wa duka 7 na karanshaf da 6 na konrod, a rubuta a takarda. Metal ɗin karanshaf na BMW aji uku ne masu launi, rawaya, kore da fari, don haka ana iya daidaita gibi ba tare da guga ba. In akwai layin da farce ke kamawa, sai a goge karanshaf a rage masa 0.25 mm. Wasan karanshaf gaba da baya kuma ya tsaya tsakanin 0.08 da 0.16 mm. Kafin karanshaf ya zauna, a hura iska cikin 'yan bututun da ke fesa mai ƙarƙashin fistin, a tabbata ba su toshe ba.

Zan iya mayar da tsofaffin notuna? Ko sai na sayi notuna masu ƙarfi na kamfanin ARP?

Na top, na konrod, na karanshaf da na falwil duk sababbi. Na top da na konrod ana ɗaure su ne har su miƙe, shi ya sa awonsu ke ƙarewa da digiri. Konrod 20 Nm sannan digiri 70. Top a bulok na ƙarfe 30 Nm, digiri 90, wani digiri 90. A na aluminiyam 40 Nm, 90, 90, kuma notunansa sun fi tsawo, 110 mm maimakon 95, kada a cakuɗa su. A busar da ramukan kafin ɗauri, mai ko ruwa da ya kwanta a ƙasan rami na iya tsaga bulok.

ARP a konrod kuɗi ne da bai tafi a banza ba, amma ƙarfin ɗaurinsa na iya sauya zagayen ramin, sai an auna bayan an ɗaure. A top kuwa, injin da ba turbo notin kamfani ya ishe shi.

Sabon ringi kawai, ko har da fistin?

In silinda ba ta yi ƙwai ba kuma fistin ba su da ƙarzuwa a gefe, fistin asali suna ɗaukar aikin fili lafiya. A kankare gurbin ringi, a buɗe ramukan komawar mai. Kowane ringi a tura shi cikin silindar da zai zauna, a daidaita shi da kan fistin, a auna bakinsa. A ramin 84 mm mukan bar na sama wajen 0.35 zuwa 0.40 mm, na biyu ya ɗan fi shi, sai dai in takardar mai ringin ta faɗi wani abu dabam. In bakin ya matse, zafi zai haɗe shi, ringi ya ɓalle saman fistin. A tabbata kuma ringin na irin bangon silindarka ne, don na ƙarfe dabam, na Nikasil dabam.

Me za a yi wa top?

A fara da gwajin matsi cikin ruwan zafi, don top ɗin waɗannan injuna na tsagewa kusa da mazaunin bawul idan sun tafasa, kuma ido ba ya ganin tsagar. Sai a duba karkacewa da miƙaƙƙen ƙarfe. Tsayin top sabo 140.0 mm ne, iyakar abin da za a goge 0.3 mm. In an goge da yawa, akwai gasket mai ƙarin kaurin 0.3 mm da zai mayar da matsin wuta inda yake, wato 10.2 zuwa 1 a M52B28. Inda fetur ba shi da tabbas, kada ka yi kwaɗayin ƙarin matsi. Sabon sil ɗin bawul guda 24, a wasa mazaunin bawul, a duba sifirin ko akwai wanda ya gajarce.

Kamshaf ɗin nan rami ne a cikinsu, suna karyewa. A kwance murafensu kwatan juyi a kowane karo, a zaga duka, haka ma wajen ɗauri. Taimin kuma ba a yin sa da ido da alamar fenti. Sai da fil ɗin kulle falwil da ƙarfen kulle kamshaf. Sarƙoƙi biyu, tenshina da robobin da sarka ke bi a kai duk a sabunta. VANOS kuma, wato na'urar da ke sauya taimin kamshaf, zoben robar da ke cikinsa ya riga ya taurare, shi ke sa mota sanyin jiki a ƙasa da juyi 3,000. A sa na Viton, robar da ta fi jure zafi da mai.

Lagireto na bai taɓa yoyo ba. Dole ne in canja?

In ba ka san shekarunsa ba, dole ne. Wuyan tiyo na sama roba ne, yana karyewa gaba ɗaya ba tare da ya fara ɗiga ba, kuma tsarin na aiki da matsi har bar 2. Ruwa kan zube cikin ƙasa da minti ɗaya, allurar zafi kuwa ba ta motsi sai abu ya lalace, don an tsara ta ta zauna a tsakiya. Mu dai komai muke canjawa lokaci guda: lagireto na aluminiyam zalla, tankin ruwa da murfinsa, famfon ruwa mai fiffiken ƙarfe, gidan tamostat na aluminiyam, duk tiyo har da ƙanana na hita da ke ƙarƙashin manifol, fanbel da tayoyinsa.

Kada a cire tamostat, ko da a garin da zafi ke kai digiri 40. In an cire, inji na daɗewa bai ɗumama ba, kwamfutar mota ta yi ta ƙara fetur yana wanke bangon silinda. A sa mai buɗewa a digiri 80 ko 88. Amma a sani, tamostat mai saurin buɗewa ba ya ƙara wa lagireto ƙarfi. Abin da ke ƙara shi shi ne iska ta ratsa ta cikinsa, don haka a mayar da robobin da ke gefe da ƙasan lagireto, a toshe duk gibin da iska ke zillewa. Fankar asali ta roba in ta tsufa tana tarwatsewa ta huda lagireto da bonet. Ko a sa sabuwa ko a koma ta lantarki. Notinta 32 mm ne, shi ma zaren hagu. Filaye da yawa ba sa yarda da ruwan sanyaya mai gilaikol saboda santsinsa in ya zube, sai tataccen ruwa da maganin hana tsatsa. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin gishiri ya toshe lagireto.

Ina bukatar na'urar sanyaya bakin mai?

Geji zai faɗa maka. Sa gejin zafin mai da na matsin mai yanzu, tunda gidan filta na hannu. Fitilar mai ta dashbod sai matsi ya faɗi ƙasa da rabin bar take kamawa, lokacin an riga an yi ɓarna. Lafiyayyen inji na ba da wajen bar 4 a juyi mai yawa. Zafin digiri 100 zuwa 120 daidai ne, in yana haura 130 a sassauta, a kuma shirya sa kula, wato na'urar sanyaya mai. Gidan filta na M3 na Turai yana da bakin haɗa kula da tamostat a ciki, kuma yana ɗauruwa a wannan bulok. Ko ba ka canja gidan ba, canja gasket ɗinsa, yoyonsa sananne ne. Mai kuma sintetik 5W-40 ko 10W-50, gwargwadon gibin metal da zafin gari.

Falwil mara nauyi fa?

Na asali mai ɓari biyu ne, ya haura kilo 11, kuma in ya tsufa yana wasa. Mai ɓari ɗaya na kilo 6 zuwa 7 yana sa inji saurin hawa da sauka, canjin giya ya yi daɗi. Aibinsa shi ne ƙarar kwaram-kwaram daga giyabos idan mota na tsaye. Ba lalacewa ba ce, amma a haɗa shi da faifan kulochi mai sifirin. Kulochin 328i 240 mm ne, na 325i 228. Notin falwil 105 Nm. Kafin giyabos ya koma: sil ɗin bayan karanshaf, ƙaramin boris na tsakiyar karanshaf, rilis boris, ɗan fil ɗin roba da cokalin kulochi ke dogara a kai, silindar kulochi ta ƙasa da tiyonta, sil ɗin giyabos, da robobin sandar giya. In giyabos na kamfanin ZF ne kuma sandar na jingina wajen giya 5 da safe, fil-fil ɗin ciki ne suka maƙale, kuma sai yana ƙasa ake gyara su.

Me ya haɗa robar mazaunin inji da lanƙwashewar bawul?

In robobin inji da na giyabos sun yi laushi, giyabos na karkata a kwana, gurbin giya ya gusa daga inda hannu ya saba. Direba na neman 4 sai ya faɗa 2, taya ta tilasta wa inji juyin da ya wuce 8,000, kwamfuta kuma ba ta da ikon hanawa. Bawul su daki fistin. Sababbin robobi masu ɗan tauri ne maganinsa. Ƙarfe zalla bai dace da motar da ke hawa titi ba, girgizarsa na kwance notuna.

Tunda wurin inji a buɗe yake, sauke kurosmemba ta gaba ka duba kunnuwan da inji ke zama a kai, suna tsagewa. A walda musu faranti. A canja robar sandar sitiyari da tiyon man sitiyari. A baya kuma a duba mazaunin shokozoba na sama, da inda hannun taya da kurosmemba ta baya ke ɗaure da jikin mota, nan E36 ke yagewa.

To ƙarin ƙarfi? Ba za a yi komai ba?

Abu guda da ya cancanci wahalarsa shi ne manifol ɗin shan iska na M50 a kan M52B28. Bututunsa sun fi faɗi, inji ya daina shaƙewa bayan juyi 5,000, sai dai ana rasa ɗan ƙarfi a tsakiya. A fili riba ce, a cikin gari ba lallai ba. Yana bukatar gyaran tiyon numfashin inji da na slo, kuma ya fi kyau a daidaita kwamfuta bayansa. Ɗaga iyakar juyi sama da 7,000 ba mu ba da shawararsa, girgizar karanshaf na ƙaruwa. Duba ma fulin gaban karanshaf, in robarsa ta tsattsage a canja. Babban notinsa 410 Nm ne. Nozul a kai a wanke a auna su, sensar ƙwanƙwasa guda biyu da ke ƙarƙashin manifol a sabunta.

Mota na shaƙewa a doguwar kwanar dama alhali akwai fetur. Inji ne?

Tanki ne. Ɓari biyu gare shi, famfo na ɓarin dama, kwanar dama kuma na watsa fetur hagu. Ka shiga fili da fiye da rabin tanki, ko a ƙara famfo na biyu a ɓarin hagu. Kada a yi sakaci da shi, ƙarancin fetur a cikakken totur yana ƙona fistin.

Birki?

Man birki na shan danshi. Mai ajin DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, in ya sha ruwa yana iya saukowa 155, feda ta nutse. A zuba irin su Motul RBF 600 mai kai 312, a sabunta duk wata shida. DOT 5 na silikon ba na wannan mota ba ne. Takalmin birki na fili, tiyo mai saƙar ƙarfe, da bututun da zai kai iska tsakiyar faifai sun isa kafin a yi tunanin manyan kalifa.

Yaya zan tayar da shi karon farko?

Zuba mai na minaral, ba sintetik ba. Cire fulogi da fiyus ɗin famfon fetur, ka juya inji da sitata daƙiƙa 10 zuwa 15, ka huta, ka sake, har geji ya nuna matsi. Cika ruwa a hankali, gaban mota a ɗage, hita a kan zafi, notin fitar da iska a buɗe har kumfa ya ƙare. In ya tashi, wani na kallon geji wani na leƙen yoyo. Tafet za su yi ƙara na 'yan mintuna. Kada a bar shi yana slo na awa guda, ringi ba ya zama sai da nauyi. Da ya ɗumama a fita, a giya 3 ko 4 a taka rabin totur daga juyi 2,000 zuwa 4,000, a ɗaga ƙafa giya ta ja motar ta sauko, a maimaita kamar sau goma. A canja mai da filta bayan kilomita 80, a buɗe takardar filtar a duba a rana. Ɗan ƙyalli kaɗan ba komai, gutsattsarin jan ƙarfe kuwa metal ne. A ƙara juyi sannu a hankali zuwa kilomita 1,000, a sake canja mai zuwa sintetik, a auna matsin kowace silinda a rubuta don kwatantawa nan gaba.

Bayan kowace rana a fili me zan duba?

Kafin ka fito, zagaye ɗaya a hankali ba tare da birki mai ƙarfi ba, kuma kada ka ja birkin hannu faifai na da zafi. Tsakanin kowane shiga a duba sandar mai, iskar taya da notin taya bayan sun huce. A gida a ɗaga motar: kaurin takalmin birki na ciki da na waje, tsaga a faifai, wasa a boris ɗin taya da boljoyin, yoyon mai a bayan inji, da matakin ruwa da safe. A canja bakin mai bayan rana 2 zuwa 3 a fili, ko nan take in zafinsa ya haura 135, man giyabos da na aksul kuma sau ɗaya a shekara.